Mallaka Daban, Ajiya Daban

A ɗakin Bini na gidan tarihin Humboldt Forum da ke tsakiyar Berlin, tagulla na nan cikin gilashi, Bature na wucewa yana kallo kamar yadda kakansa ya kalla. Abin da ya sauya 'yar takardar da ke gefe ce. Yanzu cewa take yi kayan aro ne daga hukumar gidajen tarihi ta Najeriya. A Landan kuwa, British Museum na riƙe da abubuwa sama da 900 daga wannan masarauta, takardun da ke gefensu sun amsa cewa da yawansu sojan Ingila ne suka kwaso a harin Fabrairun 1897, amma daga nan ba su ƙara ko harafi ba. Kaya iri ɗaya, daga fada ɗaya. Wanda ya shiga ɗakunan biyu da ido kawai zai ce duk kanwar ja ce, alhali a 'yar takardar nan gizo ke saƙar.

In aka tayar da zancen nan a gida, a rediyo ko a Facebook, mutane kashi biyu suke rabuwa. Akwai masu cewa a tattaro komai a loda a jirgi gobe da safe, akwai masu cewa a bar wa Turawa tunda mu ko fitilar titi ba mu iya tsarewa. Duka biyun sun cakuɗa abu biyu da ɗalibin zaure ma ya san ba ɗaya ba ne: wa ke da kaya, kuma a hannun wa kayan suke. Wanda ya karanta Risala zai tuna babin nan da ya tara kyauta da jingina da aro da ajiya da tsintuwa da ƙwace wuri guda. Duk abin da ke rumbunan Turai, in ba ciniki ba ne, to yana ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu. Abin da nake gani daga nan Jamus shi ne a fara karɓo mallaka a rubuce, ɗauko kaya ya biyo baya a lokacin da mai kaya ya ga dama.

Ingila ta fi kowa iya ba da haƙuri, ta kuma fi kowa riƙo. Duk wanda ya rubuta wa British Museum yana neman kayansa, amsa ɗaya ce: doka ta hana. Gaskiya ne, dokar da aka yi wa gidan a 1963 ta hana amintattunsa rabuwa da abin da ke rumbu, sai in suna da irinsa biyu, ko ya lalace har ba shi da amfani, ko bai cancanci ajiya ba. Gidan tarihin V&A na Landan ma yana da irinta, ta 1983. To amma doka ba aya ba ce. Majalisar Ingila ta sassauta har sau biyu, a 2004 domin mayar da ƙasusuwan mutane, a 2009 domin kayan da aka ƙwace a zamanin 'yan Nazi. Kayan mulkin mallaka ne ba a ga damar yi wa hanya ba. Kada kuma a manta, daga 1950 gidan da kansa ya riƙa sayar da wasu allunan tagullar Bini da sunan yana da irinsu, Najeriya na cikin masu saye. Mai kaya ya sa kuɗi ya fanshi kayansa.

Waɗanda dokar ba ta hau kansu ba su ne suka motsa. A Oktoban 2021 kwalejin Jesus ta Jami'ar Cambridge ta miƙa zakaran tagulla, Jami'ar Aberdeen ta miƙa kan tagulla na wani Oba, wato sarkin Bini, da ta saya a gwanjo a 1957. A 2022 ƙaramin gidan tarihin Horniman ya bar wa Najeriya mallakar abubuwa 72. Saboda haka mai nema a Ingila, kafin ya rubuta wasiƙa, ya fara tambayar wa ke da gidan. In na jami'a ne ko na ƙaramar hukuma, zaman kwamiti na iya yanke magana. In na ƙasa ne, sai majalisa.

Dabarar da manyan gidajen Landan suka fito da ita ita ce aro. A 2024 aka kai kayan zinariya da azurfa 32 na masarautar Asante ta Ghana gidan tarihin fadar Manhyia a Kumasi, 15 daga British Museum, 17 daga V&A, da yawansu tun yaƙin 1874 suka bar gida. Wa'adi shekara uku, ana iya ƙara uku. Da Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu na Biyu aka ƙulla, ba da gwamnatin Ghana ba. Ba na ganin laifin sarkin. A lokacin shekara 150 ke nan da ƙone Kumasi, dattawan da ke son gani da idonsu ba za su jira majalisar Landan ba. Sai dai akwai lauje cikin naɗi. Mai karɓar aro yana amsa cewa abin na wancan ne, yana alkawarin mayarwa ranar da aka sa, yana yarda a gindaya masa zafin ɗaki da hasken fitila da irin gilashi. In bayan shekara talatin aka je gaban alƙali, takardar nan za a fara ɗagawa. A 2024 ɗin dai gidan tarihin Fowler na Amurka ya mayar wa sarkin abubuwa bakwai, bayarwa ta har abada, kuma a wurina bakwai ɗin nan sun fi talatin da biyun nauyi. Kayan aro ba ya rufe katara. Aron ma ba kullum ake samu ba: a 1977 Najeriya ta nemi fuskar hauren giwa ta Sarauniya Idia ta Bini a British Museum domin bikin FESTAC, aka hana, sai kwafi aka sassaƙa.

Faransa da baki ta fara. A Nuwamban 2017 Shugaba Macron ya tsaya gaban ɗalibai a Wagadugu ya ce cikin shekara biyar yana son a share hanyar mayar da kayan Afirka. Rahoton da Felwine Sarr da Bénédicte Savoy suka miƙa masa bayan shekara guda ya ƙiyasta abubuwa wajen 90,000 daga ƙasashen kudu da Sahara a gidajen gwamnatin Faransa, 70,000 a gidan tarihin Quai Branly na Paris kaɗai. Wadda ta fi kowa yawa a lissafin ba Mali ba ce, ba Senegal ba, Chadi ce, da sama da 9,000, Kamaru na biye. Abin da ya riƙe Faransa tsohuwar ƙa'ida ce da ta ce abin da ya shiga dukiyar al'umma ba ya fita, ba a sayarwa, ba a kyautarwa. Sai ya zama kowane abu sai an yi masa dokarsa. An yi ɗaya a Disambar 2020 domin kaya 26 na fadar Abomey ta Jamhuriyar Benin da Janar Dodds ya kwasa a 1892, da takobi guda na Senegal. An yi wata a 2025 domin ganga ɗaya tak ta Kwaddibuwa, wadda aka ƙwace a 1916. Da wannan tafiyar hawainiya a lissafa shekarun da 90,000 za su ci. Amma a ba ta haƙƙinta, abin da doka ta fitar ya fita ɗungurungum. Da aka baje kayan Abomey a fadar shugaban ƙasa a Kwatano a 2022, shiga kyauta, mutane wajen 200,000 suka yi layi, wanda ya isa amsa ga masu cewa talakan Afirka cikinsa kawai ya dame shi.

Takobin Senegal ɗin kuwa ya nuna illar gaggawa. An miƙa shi da sunan takobin Alhaji Umar Tal, Shehu Umarul Futi da 'yan Tijjaniyya suka sani. Ruwan takobin ƙirar Faransa ne, daga maƙerar Klingenthal, kuma masu bincike sun yi shakkar ko Shehun ya taɓa riƙe shi, sun fi danganta shi da ɗansa Ahmadu. An zaɓi abin da zai yi kyau a hoton biki, aka bar wanda ya fi shi daraja nesa ba kusa ba. A 1890, da hafsan Faransa Archinard ya ci Segu, ya kwashe littattafan gidan Shehu Umar, kundi sama da 500 na rubutun hannu, suna babban ɗakin karatu na ƙasa a Paris har yau. Wannan mu ma da rabonmu a ciki. Shehu Umar ya yi shekaru a Sakkwato, ya auri 'yar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, cikin littattafan kuma akwai rubuce-rubucen Shehu Usmanu da na Bello.

Jamus ba ta aika soja Bini ba, saye ta yi. Bayan harin, hafsoshi da dillalai suka zuba kayan a kasuwa, masanan Berlin irin su Felix von Luschan suka bi suna saye ba ji ba gani. Da ta so, sai ta ce ni da kuɗina na saya. A fiƙihunmu wannan ba hujja ba ce, mai kaya yana karɓar abinsa a hannun wanda ya same shi, mai saye ya koma ya nemi wanda ya sayar masa. Kusan a nan Jamus ta tsaya. Ran 1 ga Yulin 2022 aka sa hannu a Berlin kan mayar da mallakar abubuwa sama da 1,100. Da yake gidajen tarihin nan na jihohi ne da birane da gidauniyoyi, kowanne sai da ya yi tasa takardar: Berlin 512, Hamburg 179, Kolon 92, haka har Stuttgart da Leipzig. Mallaka ta koma duka ba sharaɗi, sannan Najeriya, a matsayin mai kaya, ta bar wa Berlin kusan kashi ɗaya cikin uku aro na shekara goma. A Disamba ministar harkokin waje Annalena Baerbock ta kai kashin farko Abuja, abubuwa wajen ashirin. Holan ta bi sahu a 2025 da guda 119.

Amfanin wannan tsari a fili yake. Tambayar ina za ku ajiye ta daina zama katanga, tunda ba sai an gama gini za a sa hannu ba. Mai kaya na iya kiran abinsa ranar da ɗakinsa ya kammalu, yana iya ba wani gida aro a Tokyo ko Dakar, kuma shi ke da ta cewa a kan hoto da kwafi, muddin an sa hakan a rubuce.

Tuntuɓen a gida aka yi shi. A Maris na 2023, saura wata biyu ya sauka, Shugaba Buhari ya fitar da sanarwa a jaridar gwamnati cewa duk kayan Bini da aka dawo da su da waɗanda za a dawo da su mallakar Oba ne. A tarihi yana da gaskiya, daga fadar kakannin Oba Ewuare na Biyu aka kwashe su. Amma Jamusawa da gwamnati suka ƙulla. Jaridun nan suka yi ca, wasu 'yan majalisa suka ce an ɗauki kayan al'umma an ba gida ɗaya, wasu cibiyoyin da ke dab da sa hannu suka ja birki. Ana iya ce musu ba ruwanku, wanda ya mayar da kayan ƙwace ba ya nuna wa mai kaya ɗakin da zai ajiye. Haka ne. Amma da fada da jihar Edo da Abuja sun raba gardama tun kafin jirgi ya tashi, da mai neman kuka bai samu an jefe shi da kashin awaki ba.

To a ɗauko wannan a ɗora a kanmu. A ce gobe wani gidan tarihin soja a Ingila ya ce yana da tuta ko sulke ko Alƙur'ani da wani hafsa ya ɗauka a Kano a Fabrairun 1903, ko a Sakkwato a Maris, ko a Burmi a Yuli inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Wa zai karɓa? Hukumar tarayya da dokar 1979 ta kafa? Gwamnatin jiha? In fada ce, wane gida, na wanda Turawa suka kora ko na wanda suka naɗa? Zuriyar Attahiru wasunsu suna Mai Wurno a ƙasar Sudan. Wanda ya san yadda rigimar sarauta ke kai mu kotu ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Kafin wa zai karɓa ma, me za a karɓa? Mutanen Bini suna da jeri. Shafin Digital Benin da aka buɗe a 2022 ya tattara abubuwa 5,246 a cibiyoyi 131 cikin ƙasashe 20, kowanne da lambarsa da inda yake. Kamaru ta samu nata: binciken da aka fitar a 2023 ya ƙirga sama da 40,000 a gidajen tarihin Jamus, alhali babban gidan tarihin Yawunde yana da wajen 6,000. Ina na ƙasar Hausa?

Aikin kuwa ba na minista ba ne, na ɗalibi ne mai haƙuri da intanet. Kowane abu a rumbun Turai yana da lamba a jikinsa, da tawada ko a 'yar takardar da aka ɗaura da zare, kuma lambar ba ta banza ba ce. A British Museum in ka ga Af1898,0115, ma'anarta Afirka, an shigar ran 15 ga Janairun 1898. Allunan Bini ne da ma'aikatar harkokin waje ta ba gidan, wata goma sha ɗaya bayan harin. A Quai Branly, 71.1893.45 kayan Dodds ne, 71.1931.74 kuma na ayarin Dakar zuwa Jibuti ne, wanda ya ratsa ta Nijar da Najeriya yana tara kaya. Shekara da sunan wanda ya kawo su ne bakin zaren. In sunan na hafsan rundunar Kanar Morland da ta ci Kano ne, shekarar kuma 1903 ko 1904, sai a bi shi zuwa wasiƙunsa da rahoton yaƙi da kundin gwanjo. In kuwa matarsa ko 'yarsa ce ta bayar bayan shekara talatin, sunanta ne a rajista, 'yar ma da sunan mijinta, nan ne sawu ke ɓacewa.

Sannan a nemi kaya da sunan da Bature ya ba su. Bajamushe Haussa ya rubuta, Bafaranshe Haoussa, tsohon Baturen Ingila Houssa. Babbar riga tana ƙarƙashin tobe ko boubou, Fulani suna Fulbe ko Peul ko Fellata, wani lokaci Sudan kawai aka rubuta ana nufin duk ƙasar baƙar fata. Rigar da aka saƙa ƙyallenta a ƙasar Nufe, aka yi mata aska takwas a Zariya, fatake suka kai ta Salaga, Bature ya saya a can, to Salaga zai rubuta. Wanda bai san saƙi da barage da tsamiya ba ba zai gane kuskuren ba. Shi ya sa aikin ke buƙatar masaƙa da maɗinka da malaman ajami, ba masu digiri kaɗai ba.

A nan kuma sai mu yi wa kanmu adalci. Da yawa daga kayan Hausa da ke Turai ba na ƙwace ba ne. Mu 'yan kasuwa ne, riguna da takalma da jakunkuna sayar da su muka yi. Rubuce-rubucen ajami na Imam Umaru, Bakanon da ya zauna Salaga ya rasu a Kete-Krachi a 1934, da saninsa ya rubuta wa Jamusawa irin su Krause da Mischlich. Irin wannan ba a neman sa da sunan sata. Abin nema shi ne hoto mai kyau na kowane shafi, kyauta, da izinin bugawa. Babin kyauta ne mai wuyar sha'ani. Karagar Mandu Yenu mai dutsen ado da ke Berlin, Sarki Njoya na Bamum a Kamaru ne ya ba Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu a 1908. A takarda kyauta ce. Amma abin da dagaci ke kai wa hakimi ranar da dogarai ke tsaye a ƙofarsa, mun san sunansa, kuma mun san abin da ke samun wanda bai kai ba. Ganima kuwa, Turawa kan ce halal ce a dokar wancan zamani, su tuna mana sarakunanmu ma sun ci. Sun ci. Sai dai yarjejeniyar Hague ta 1899 ta haramta wawaso a yaƙi, shekara huɗu kafin a shiga Kano. Tsakaninsu suka yi ta, ba su lissafa mu ciki ba.

Inda hujjarmu ta doka ta fi ƙarfi ba kayan 1903 ba ne, kayan da ke fita yau ne. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ba ta komawa baya. Amma mutum-mutumin gasasshen yumɓu na Nok da na Sakkwato da Katsina, da na Bura a Nijar, da na Sao a gefen tafkin Chadi, tun 2000 suna cikin jan jerin majalisar gidajen tarihi ta duniya na abin da ake gargaɗin kada a saya, Najeriya kuma ta hana fitar da kayan tarihi ba izini tun dokar 1953. Yadda abin ke tafiya shi ne, dillali ya ba matasan ƙauye diga da kuɗin abinci, su bi tudu suna huda ramuka, abin da ya fito a farfashe a zuba a buhu. A birni a haɗa kan wannan da jikin wancan da danƙo da garin tsohon kasko. Mai saye a Turai ya sa a huda a ɗebi ɗan gari a gwada shekarun gashin yumɓun, gwaji ya ce shekara dubu biyu, domin inda aka huda tsoho ne. Sai hoton asibiti mai ratsa jiki ke tona ɗinkin. Asarar da ta fi ita ce ramin. Gawayi da tukwane da duwatsun da ke kewaye da abin su ke faɗin shekarunsa da amfaninsa. In an watsar da su, an ƙone littafi ne an bar bango.

Masu cewa ba za mu iya riƙewa ba suna da abin nunawa. An yi sata a gidan tarihin Jos a 1987, an wawushe babban gidan tarihin Khartum a yaƙin da ya ɓarke a 2023, Janar Gowon da kansa ya ɗauki kan tagulla daga gidan tarihin Legas ya kai wa Sarauniyar Ingila tsaraba a 1973. Sai dai a 2023 British Museum ta amsa cewa abubuwa wajen 2,000 sun ɓace ko an sace ko an lalata su a rumbunta, har shugaban gidan ya ajiye aiki, kuma da yawansu ba a taɓa yi musu cikakkiyar rajista ba. Maganin a can da nan ɗaya ne, kuma mai arha: hoto ta gaba da baya da ƙasa da ma'auni a gefe, tsawo da faɗi da nauyi, abin da aka yi shi da shi, duk wani rubutu ko tabo ko karaya. Tabon nan shi ke raba shi da ɗan'uwansa a gaban 'yan sandan duniya. A ajiye kwafi uku, ɗaya ba cikin ginin ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kayan da suka daɗe a Turai da yawansu da guba a jikinsu. Tun ƙarni na 19 ake barbaɗa wa tufa da fata da gashin tsuntsu da itace arsenik da zaiba, daga baya DDT, domin maganin asu da ƙwaro. Bature bai yi zaton wani zai sake sa rigar ko ya busa ƙahon ba. Mu kuwa in rigar sarki ta dawo wani zai so ya sa ta ranar hawan sallah, in tambari ne a buga, in Alƙur'ani ne a shafa. Don haka a sa cikin yarjejeniya cewa mai bayarwa zai gwada kowane abu da kuɗinsa kafin ya taso, shi zai biya akwati da inshora, shi zai nemo izinin fitar da hauren giwa. Akwai na'urar hannu da ke gano arsenik da zaiba da dalma nan take ba tare da an yanki komai ba. DDT sai an ɗauki ƙura an kai ɗakin gwaji. Gubar ba ta fita duka da wanki, abin da ya kamu sai safar hannu da takunkumi da gilashi.

Sai yanayi. Rumbun Turai na zamani yana tsaye a danshi kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Kano ko Damagaram, da hunturu danshi kan faɗi ƙasa da kashi 20, a Agusta ya haura 70. Itace da fata da hauren giwa suna shan danshi su kumbura, su bushe su tsuke, a nan suke tsagewa. Tagulla kuwa bushewa take so. In danshi ya yi yawa gishirin jikinta ya tashi, sai ka ga wani koren gari mai haske na fitowa kamar ƙuraje, yana cin ƙarfen har ya huda. Wanda ya ga haka kada ya kawo toka da lemon tsami, duhun jikin tsohuwar tagulla shi ne rigarta. Babban kuskure shi ne a ruga sayen iyakwandishan. Na'urar da za ta yi awa huɗu wuta ta ɗauke ta fi rashinta illa, domin hawa da saukar ne ke kashe kaya. Soron ƙasa mai kaurin bango irin na Gidan Makama ya fi ginin siminti mai manyan tagogi riƙe yanayi ɗaya. Abin da ake buƙata akwatin gilashi ne mai rufuwa ruf, da ƙwayoyin silika masu daidaita danshi a ƙasansa, da ɗan ma'aunin da wani zai duba ya rubuta kullum. Tufar da ake zargin tana da asu a naɗe ta a leda biyu a sa a firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili, mako ɗaya zuwa biyu ba ɗaukewar wuta, a bar ta kwana guda ta huce kafin a buɗe. Ba a yi wa hauren giwa ko ganga mai ɗaurarriyar fata haka. Littafin da ya zo a gafakarsa a bar shi a tadarishinsa yadda yake, a yi wa warƙoƙin lamba da fensir, kada a ɗinke, kada a manna salatif, kada a rufe shi da ledar zafi.

Tsarin da nake yabo shi ma yana da rauninsa, kuma an taɓa gwada shi a kan kayanmu na Arewa. Dab da buɗe sashen fasahar Afirka a gidan tarihin Louvre na Paris a 2000, Faransa ta sayi mutum-mutumi uku a hannun wani dillalin Beljiyam, biyu na Nok, ɗaya na Sakkwato, irin waɗanda dokar Najeriya ta hana fitarwa. Da surutu ya yi yawa aka daidaita a 2002: Faransa ta amsa na Najeriya ne, Najeriya ta bar mata su na shekara 25, ana iya sabuntawa. Mallaka tamu, ajiya tasu, daidai abin da Jamus ta yi bayan shekara ashirin. Tun daga nan mutum nawa a Kaduna ko Sakkwato suka san suna da kaya a Paris? Wa'adin na cika a 2027. Wasiƙar da za ta ce a sabunta, ko a sauya sharuɗɗa, ko a ɗaure su a akwati, daga Abuja za ta fito, kuma gwajin guba da ƙera akwati da takardun kwastan kaɗai watanni suke ci.